Kafin Ka Ɗora Karatun Mahaifinka a Intanet

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu da iyalan gidansa.

Zuwa ga ɗana Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, gaisuwar uwa ga ɗanta. Allah ya sauke ka Kaduna lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutanen hanya, ya haɗa ka da abokan aiki masu jin tsoronsa. Wannan aikin kwamfuta da ka samu, Allah ya sa alheri ne ya kira ka.

Za ka tarar da takardar nan a ƙasan jakarka, ƙarƙashin ƙullin yaji da kuka. Da biro na rubuta ta, da hannuna, kuma da gangan. Na san za ka yi dariya ka ce Inna ga waya a hannu amma ta koma zamanin da. Yi dariyarka son ranka. Takarda dai ba ta da lambar sirri, abin da na rubuta a kanta yau shi za ka tarar gobe.

Ba labarin gida zan ba ka ba, jiya-jiya ka bar shi. Amsar tambayarka ce. Ina tsince wake a tsakar gida ka zo ka tsuguna ka ce, "Inna, karatun Baba da muka gama bugawa, a shafin intanet zan ɗora shi, ko in mai da shi littafin waya, irin fayil ɗin da mutum zai sauke ya ajiye?" Na ce maka bari in yi tunani. Ba wani tunani da na yi. Amsar tana bakina tun ba yau ba, sai dai a cikinta akwai maganar da ba zan iya faɗa ina kallon fuskarka ba. Ka karanta har ƙarshe, kada ka yi mini irin karatunku na yaran yanzu, ku ja da yatsa ku ce kun gama.

Bari in faro daga tushe, don lokacin da abubuwan nan suka faru kana makaranta a Kano, hutu kawai ke kawo ka. Mahaifinka, Malam Habibu, Allah ya jiƙansa, bai bar mana gona mai faɗi ba, bai bar shanu ba. Abin da ya bari shi ne zauren nan, da karatun da ya rubuta da ajami a kan gona da burtali: wa ke da alhaki in shanu suka yi ɓarna, yaushe ake sakin gona dabbobi su ci kara, ina hanyar shanu ta bi daga ruga zuwa mashaya. Rabinsa ya ciro daga littattafan fiƙihu, rabi kuma abin da dattawan manoma da na Fulani suka zauna a gabansa suka amince ne, kuma duk sun riga mu gidan gaskiya. A ciki har da maganar burtalin da ya bi ta bayan gari, daga tsohuwar tsamiya zuwa rafi. Malam ya rubuta cewa duk wanda ya shuka a cikinsa, shanu suka ci, ba shi da bakin neman diyya.

Ardo Buba, shugaban rugar da ke yamma da mu, shi ne aminin Malam na ƙut da ƙut. Ba ya karatun boko ko na ajami, amma duk damina in rigima ta taso, maganarsa ɗaya ce: "A je a buɗe takardar Malam." Manoma ma haka suke cewa. Da takardar nan aka yi shekaru ana raba faɗa ba a je gaban alƙali ba. 'Yarsa Hajo kuwa a hannuna ta yi karatu, a ajin matan da nake koyarwa da yamma.

Kuskurena na farko, na yarda da maganar da ban san kanta ba. Bayan rasuwar Malam, ƙungiyar ci gaban garinmu ta buɗe shafi a intanet. Sakatarenta, Lawan, ƙanin Alhaji Tanimu mai gonar bayan gari, ya zo ya durƙusa a zaure ya ce, "Gwaggo, karatun Malam bai kamata ya zauna a akwati ba. A ɗora shi duniya ta amfana. Abin da ya hau intanet ya hau ke nan, gobara ba ta cinsa, gara ba ta cinsa." Maganar gara ce ta kama ni, don a lokacin rufin ɗakin Malam yana yoyo, takardun sun sha ruwa, gara ta fara cin gefensu. Aka ɗauko wani mai shagon kwamfuta daga Kwanar Dangora, ina karanta ajamin daga bayan labule, yana bugawa da boko. Da aka gama aka miƙo mini waya, na bi shi layi-layi. Maganar burtali da idona na gan ta, ba wani ne ya gaya mini ba.

To sai takardun. Ka san ba a barin takarda mai ayoyi da sunan Allah tana ruɓewa, kaji suna tonawa, yara suna takawa. Mu da muka tashi a gidan malamai, abin da aka koya mana shi ne, in takarda ta mutu a yi mata sutura. Na duba na ga wasu sun manne da juna, wasu tawadar ta narke. Na ce a raina, tunda karatun ya samu gidan da ba ya yoyo, bari in sallami waɗannan cikin mutunci. Na naɗe su a farin ƙyalle, na sa aka haƙa rami mai zurfi a kusurwar makarantar allo, inda ba a takawa, na binne su. Har addu'a na yi, ina jin na sauke nauyi.

Auta, shafin intanet ba ma'aji ba ne, allo ne. Kai ɗan malam ne, ka san allo: a rubuta da safe, a wanke da yamma, in ya bushe babu mai cewa ga abin da ke kansa jiya. Ba na raina shi, yana da amfani ga abin da ake son gyarawa kullum, kamar sanarwar taro. Amma maganar mamaci ba abin gyarawa ba ce. Ko a wajen aikinka, duk wanda ya kawo maka rubutu ka fara tambayarsa, wannan mai canzawa ne ko wanda ya gama magana? Kuma duk daɗin bakin da za a yi maka, kada ka rabu da asali don an ce akwai shi a sama. Ni har yau ban san ina ne saman nan ba, ban kuma san wa ke kwana a cikinsa ba.

Kuskure na biyu kunya ce ta jawo shi. Ranar da aka gama, mai shagon ya ce, "Hajiya, wa za a ba lambar sirrin da ake shiga a yi gyara?" Zuciyata ta ce kai kaɗai, tunda kai ne ɗan Malam, kai ne kuma mai karatun kwamfuta. Amma ga Lawan zaune, shi ya kawo shawarar, shi ya yi ta zirga-zirga a babur. Sai na ji bakina yana cewa, "A ba Auta, a ba Lawan ma." Mai shagon kuwa dama tana hannunsa, shi ya ƙirƙire ta. Mutum uku ke nan, kowa yana iya shiga daga inda yake, ya cire, ya ƙara, ya fita, ba sawun ƙafa. Da mabuɗin akwatin Malam ne, da na ɗaure shi a bakin zanina. Amma da yake wasu 'yan haruffa ne a guntun takarda, sai na ba da su kamar ina raba goro.

Tun ba a je ko'ina ba na ga abin da bai kwanta mini ba. Wata rana na buɗe shafin a gaban ɗalibaina, sai ga tallan caca a gefen bayanin Malam. Na kira Lawan, ya ce ai masu wurin ne suke sawa, tunda kyauta suka ba mu. Na ce su wa ne masu wurin? Ya ce bai san su ba. A ranar ya kamata in farka. In wanda ba mu sani ba yana iya ajiye kayansa a gefen maganar Malam, me zai hana wanda muka sani ya sa hannu a tsakiyarta? Na yi tsaki kawai na rufe wayar. Kai dai kada kunya ta sa ka ba da lambar sirri, ko wa ke zaune a gabanka. Ka ce a'a, a ji haushinka a gama.

Daminar da abin ya faru, Alhaji Tanimu ya tura gonarsa ta ci rabin burtalin bayan gari, ya zuba masara. Shanun Ardo suka bi hanyar da suka saba, suka ci. Aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Ni ba na wurin, amma waɗanda suka je magana ɗaya suka kawo mini. Ardo bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba sai mun ja ba. A buɗe takardar Malam." Lawan ya ciro waya ya buɗe shafin, ya karanta daga farko har ƙarshe, kowa yana ji. Akwai alhakin mai shanu in ya saki dabbobinsa cikin shuka. Akwai lokacin sakin gona. Maganar burtali kuwa babu ita, ko kalma ɗaya.

Ardo ya ce a sake karantawa. Mai unguwa ya miƙa wa wani malamin firamare, shi ma ya karanta, babu. Wani ya buɗe a tasa wayar, duk ɗaya. Sharrin shafi ke nan, wuri ɗaya ake taɓawa, wayar kowa ta canza tare, sai ƙarya ta samu shaidu cike da fili. Wani daga baya ya ce, "Ardo, ko dai a mafarki Malam ya karanta maka?" Aka kwashe da dariya. Dattijon da ya aurar da jikoki, aka yi masa dariya a gaban 'ya'yansa. Aka yanke masa ya biya ɓarna, ya ba da karsana.

Bai koma ruga ba, nan ya zo. Ya tsaya a bakin zaure ya yi sallama, ko zama bai yi ba. Ya ce, "Matar Malam, tambaya ɗaya na zo yi. Ni ne na yi wa Malam ƙarya, ko Malam ne ya karanta mini abin da bai rubuta ba?"

Na ce, "Ardo, wallahi ba ko ɗaya. Yana ciki. Ni na karanta aka buga."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. To ɗauko takardar, mu koma yanzu tun ba su watse ba."

Auta, na sha baƙin ciki a duniya, na binne miji, na binne 'ya'ya kafin a haife ka, amma ban taɓa jin harshena ya yi nauyi kamar lokacin nan ba. Na gaya masa inda takardar take. Sai ya ce, "Kin yi mata sutura. To, mi yetti." Ya gode mini da harshensu, ya juya. Washegari na sa aka tona ramin, ba a sami komai ba sai baƙar ƙasa da zaren ƙyalle. Kaka tana yi ya tayar da rugarsa, har da Hajo, ya koma Doguwa, can gefen Riruwai. Bai yi sallama da kowa a garin nan ba.

Kuskure na uku, fushi. Na ce tunda shafi maci amana ne, bari in yi abin da ba ya canzawa. Karatun yana kaina, na koyar da shi shekara da shekaru. Na zubo shi daga ƙwaƙwalwa cikin gaggawa, aka buga, aka mai da shi fayil irin wanda kuke kira PDF, na sa aka tura wa duk mai waya. Ban kira ko ɗaya daga cikin ɗaliban Malam ya saurara ba. Masu cajin waya a kasuwa suka riƙa zuba wa mutane shi a memori tare da wa'azi, ya tafi har Tudun Wada da Bebeji. Na ji daɗi, na ce yau na rama.

Sai Malam Isiyaku na Ƙofa, babban ɗalibin mahaifinka, ya zo da wayarsa ya ce, "Inna, kin mai da burtali, amma ina babin mashaya? Kin tsallake shi ɗungurungum." Na duba, gaskiyarsa. Na gyara na sake turawa, amma na farkon bai dawo ba, kuma ba zai dawo ba. Fayil in ya fita ya fita. Sai ga karatun Malam iri biyu suna yawo, duka daga hannuna. Mutanen Alhaji Tanimu suka ce, "Kun gani ko? Ita ma yau ta ƙara, gobe ta rage. Wa ya san abin da Malam ya rubuta?" Ni da kaina na ba su bakin magana. Ga shi kuma rubutun ƙanana kamar tururuwa, don faɗin takarda aka yi shi ba don waya ba. Tsofaffin ajina sai su yi ta ja da yatsu, in farkon layi ya fito ƙarshensa ya ɓuya, har su gaji su ajiye.

Saboda haka kada ka ɗauka don na tsani shafi na amince da fayil. Ban amince da ko ɗaya ba, na dai san irin cutar kowanne. Shi ya sa wannan karon na ƙi gaggawa, na sa Malam Isiyaku da abokin karatunsa Malam Garba na Tudun Wada suka zauna, ka karanta musu tun daga bisimilla har ƙarshe, suka gyara, suka shaida cewa haka suka ji daga bakin Malam. Wanda ke cikin kwamfutarka yanzu shi ne wannan.

Ga amsar tambayarka. Ka mai da shi littafin waya, irin wanda ka nuna mini, EPUB ko me ka kira shi, wanda rubutunsa ke girma in an taɓa, layi ya sauko da kansa ya zauna daidai faɗin waya. Na ga amfaninsa ga masu raunin ido, kuma in ya shiga waya ya shiga, ba ruwansa da data ko sabis. Inda Ardo yake yanzu an ce sai an hau dutse ake samun kira. Shafi ba zai kai can ba, fayil zai kai. Amma na lura da wani halinsa da ka wuce da sauri lokacin da kake nuna mini, kana zaton ban gani ba. Da ka ƙara girman rubutu, lambar shafi ta canza. To in an taru gaban mai unguwa aka ce a buɗe shafi kaza, kowa abin da zai gani daban, a tayar da sabuwar rigima. Ka sa wa kowace mas'ala lamba a jikinta, a riƙa cewa mas'ala ta kaza.

Kada ka yi irin wanda ake kullewa, sai mutum ya yi rajista da wani kamfani kafin ya buɗe. Wannan shafi ne ya sake riga, mabuɗin yana hannun wani. Ina son wanda Hajo za ta tura wa ƙawarta waya da waya a gindin bishiya, ba ta nemi izinin kowa ba. Sannan ka fitar da PDF daga wannan rubutun dai, ba ƙari ba ragi, da sa hannun malaman biyu a farko, a buga shi a takarda, kowannensu ya ajiye, ni ma in ajiye. Wannan na shaida ne, wancan na karatu. A goshin duka biyun ka rubuta cewa shi ne wanda aka karanta a gaban shaidu, ya shafe na baya.

Kuma kada ka ce mini fayil ba ya taɓuwa. Na san mai wayo irinka zai iya buɗe shi ya cire abin da yake so. Amma nasa kawai zai taɓa. Na wayar Hajo yana nan, na Ƙofa yana nan, na Tudun Wada yana nan. Ranar da aka taru, wayarsa ta faɗi abu ɗaya, sauran su ƙaryata shi. Haka malamanmu suka tsare karatu tun kafin a san waya, a ƙirjin mutane da yawa. Shafi kuwa, in ka ga lallai sai an yi, ka bari sai littafin ya gama shiga hannaye, sannan ka yi ɗan ƙarami da zai ce ga inda za a sauke. Na ƙungiyar ma ai yanzu babu shi, an ce masu wurin sun rufe, ba su ko gaya mana ba.

Yanzu ga maganar da ta hana ni amsa maka a tsakar gida.

Mutum uku ne suke da lambar sirrin nan. Mai shagon Kwanar Dangora ba shi da gona a nan, bai san tsamiya ba bai san rafi ba, sai dai in an saye shi, wannan kuma Allah ne masani. Lawan ƙanin mai gona ne, kowa shi ya nuna da baki. Na kira shi na tambaye shi, ya rantse cewa guntun takardar da aka rubuta masa lambar ya ɓace tun da daɗewa, bai taɓa shiga ba. Na kalli idonsa, ban ga gaskiya ba, ban ga ƙarya ba. Na ukun kai ne. A daminar nan kana gida hutu. A daminar nan ne ka fara zuwa zance wajen Bilkisu, 'yar Alhaji Tanimu, har yana kiranka surukinsa a gaban mutane, yana ba ka aron babur. Ranar da Ardo ya tsaya a bakin zaure kana cikin ɗakinka, ka ji duk abin da aka faɗa, ba ka fito ba. Tuwonka na ranar haka na ɗauke shi ba ka taɓa ba.

Ban ce kai ne ba. Wanda ya tashi a cinyar Ardo, ya sha nonon rugarsa, zai iya kasa cin tuwo don baƙin ciki kawai. Kullum haka nake gaya wa kaina, wata rana in yarda, wata rana in kasa. Ka yafe mini in zaluntarka nake yi. Amma ka ga abin da shafin nan ya yi mini, wanda ya fi karsana da burtali ciwo. Bai nuna hannun da ya taɓa shi ba, sai ya bar ni ina zuba wa ɗana abinci ina satar kallon fuskarsa. Na tsani wannan halin da na samu kaina a ciki, kuma ba na son in mutu da shi. Shi ya sa na ce ka yi abin da ko kai ba za ka iya canza wa mutane ba bayan ya fita. In ba ka riƙe da mabuɗi, ba ni da abin zarginka.

Ba na neman amsa, a waya ko a takarda. In ka rantse mini, zuciyata za ta ce ai Lawan ma ya rantse. Abu ɗaya nake so. Hutun farko da za su ba ka, kada ka sauka a nan. Ka wuce Doguwa, ka nemi rugar Ardo Buba a gefen Riruwai. Ya tsufa ƙwarai, an ce idonsa ya kusa rufewa, don haka kada ka ce sai wata shekara. Ka gaishe shi yadda ake gaida uba. Ka zuba littafin a wayar Hajo da hannunka, kafin kowa ya samu. Sannan ka roƙe shi ya tara 'ya'yansa, waɗanda aka yi masa dariya a gabansu, ka buɗe mas'alar burtali ka karanta ta da bakinka, da ƙarfi, daga tsamiya har rafi.

Na san labari zai iso gidan Alhaji kafin ka dawo, na kuma san maganar aurenka da Bilkisu tana nan a tsaye. Ban hana ka ita ba, yarinyar ba ta shuka masara a hanyar kowa ba. Amma in auren ba zai ɗauru ba sai an bar Ardo da sunan maƙaryaci, gara ka sani tun yanzu. In ba kai ka cire ba, ka je ka wanke mahaifinka. In kai ne, ka je ka wanke kanka. Ni ba sai na san wanne ba ne. Abin da nake jira in ji shi ne ɗan Malam Habibu ya je, ya karanta.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kare ka daga haram ko ta zo maka da fara'a, ya sa ka fi ƙarfin zuciyarka. Ka riƙe salla a kan lokaci. Yajin kada ka bar shi a buɗe, zai sha iska. Allah ya jiƙan Malam, ya ba Ardo tsawon ran da zai ji muryarka. Allah ya dawo mini da kai lafiya, ta hanyar Doguwa.

Wassalamu alaikum.

Ni ce mahaifiyarka,
Rabi'atu, matar Malam